Lalle a Faratan Hansatu

Rita ce ta shafa wa Hansatu jan farce, ranar da Malam Yamusa ya tafi ta'aziyya Bwari.

Hansatu matar Yamusa ce, maginiyar tukwane, haifaffiyar Ushafa. Shi kuwa daga ƙasar Zazzau ya zo da sana'ar dukanci tun Abuja tana daji, ya aure ta, ya zauna. Duk wanda ya san ruwan sanyi a unguwar, a randar Hansatu ya san shi. A daminar bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da ita a wajen gashin tukwane. Ta tashi, amma ba duka ba. Ƙafa tana ja, harshe ya yi nauyi, hannun dama ya dunƙule kamar na wadda ta kama abu ta ƙi saki.

Tun daga nan ta ɓoye hannun a ƙarƙashin mayafi. Masu gashin ƙashi na asibiti sun ce a riƙa buɗe yatsun kullum ana miƙar da su, in ba haka ba za su ƙage. Ta ƙi. In Yamusa ya kai hannu sai ta juya wa bango fuska. Ƙawayenta magina suka yi ta zuwa gaisuwa tana sa a ce barci take, har suka gaji suka daina.

Ɗansu Manniru ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, yana zaune a wani bene a Lokogoma. Da ya zo dubiya ya ga yadda uwarsa ta rame, sai ya ja ubansa gefe.

"Baba, in watan nan ya ƙare ba canji, zan zo in ɗauke ta. Can akwai wadda za ta kula da ita."

Yamusa ya juya maganar a ransa. Yaron ba mugunta yake nufi ba. Amma tsohuwar bishiya in an tumɓuke ta ba ta kamawa a sabuwar ƙasa. Kuma shi Yamusa ba zai je ya tare a gidan ɗansa yana jiran surukarsa ta zuba masa abinci ba. In aka ɗauke Hansatu, sun rabu ke nan, ita a sama tana kallon motoci ta taga, shi a ƙasa yana kallon tukwanenta.

Rita 'yar haya ce a ɗakin bakin ƙofa. Mijinta Dominic yana aiki a wani sito a Idu, da asuba yake fita. Ita kuma tana gyaran farce a barandarta. Tana da ƙananan kwalabe kala-kala da burushi siriri kamar gashin gira, matan cocinsu suna zuwa tana zana musu furanni da taurari a farata. Yamusa bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin sana'a ba. A wajensa sai wanda ya ƙoshi ya rasa abin yi ke wa farce ado.

Da ya dawo daga Bwari, tun daga zaure ya ji abin da ya daɗe bai ji ba. Hansatu ce ke dariya. Dariyar a karkace take fitowa, amma tata ce. Ya leƙa ɗaki. Ga ta a kan tabarma, hannun dama a waje, a kan cinyar Rita. Faratan sun yi ja, kowane da ɗigo fari a jere. Yadda Rita ta yi ta buɗe yatsun har ta shafa, Allah ne ya sani.

"Baba, sannu da zuwa," in ji Rita da Hausarta ta 'yan Abuja. "Ka ga Mama? Ya zama amarya."

"Na gani," in ji shi. Ya ajiye sandarsa ya fita.

Aka kira la'asar. Tun da ciwon ya same ta shi ke yi mata alwala. Ya kawo buta da kwano, ya tsuguna, ya zuba ruwa a hannun. Ruwan ya jiƙa fata, ya zo kan farce ya gangare kamar a bayan agwagwa. Ya sake zubawa. Ya goga da babban yatsa. Farcen a bushe yake a ƙarƙashin fentin.

"Rita!"

Ta zo da sauri tana goge hannu a zani.

"Wannan abin, ruwa na shiga?"

"A'a Baba, mai kyau ne. Ko wanki Mama ya yi ba zai fita ba."

"To goge shi."

"Baba?"

"Ruwa bai taɓa farce ba, ba alwala. Ba alwala, ba salla. Matar da ko ranar da aka kwantar da ita asibiti ba ta bar salla ba, ke za ki raba ta da ita? Goge shi yanzu."

Rita ta dafe ƙirji. Ba ta sani ba. Duk masu zuwa wajenta 'yan coci ne, ba wadda ta taɓa gaya mata. Ta kawo ruwan gogewa da auduga ta durƙusa. Warin ya cika ɗakin. Tana gogewa tana cewa a yi haƙuri, auduga tana yin ja tana jefarwa. Hansatu ba ta hana ba, don ta san gaskiya ce. Kallon faratan kawai take suna komawa yadda suke, fari-fari, da tsagu irin na wadda ta ƙare rayuwarta cikin yumɓu. Aka yi mata alwala ta yi salla a zaune. Da ta sallame, ta ja mayafi ta rufe hannun.

Tuwon dare ya kwana a kwano. Kunun safe ya huce a inda aka ajiye shi. Rita ta daina shigowa cikin gida, ko igiyar shanya ta bari, tana shanya kayanta a kan katanga.

Yamusa bai ga laifinsa ba. Salla salla ce. Amma dariyar nan ta tsaya masa a kunne, kuma wata yana ta tafiya. Ya zauna a zaure yana jan carbi, lissafin na ɓace masa. Ranar Asabar ya tashi ya nufi barandar Rita.

Ya tarar tana aiki. Wata mai jiki da ake kira Angela, mai sayar da kifi a bakin titi, ta baje yatsu a kan matashi. Rita ta miƙe tsaye har kwalba ta kusa faɗuwa.

"Zauna," in ji shi. Ya tsaya yana kallon katanga, don bai saba tsayawa cikin mata ba. "Ba wanda ruwa ke shiga?"

"Baba?"

"Abin farcen. Ba irin wanda ruwa ke ratsawa?"

Angela ta kwashe da dariya. "Baba, kai za a yi wa? Zo zauna nan, ni zan biya."

Bai kula ta ba. Rita ta ce ita dai a cikin kwalabenta babu.

"Lalle fa?" in ji Angela. "Matan Hausawa ba lalle suke sawa ba? Kuma suna salla."

Wannan ya sani. Lalle rini ne, ba ya hana ruwa. Amma Rita ta girgiza kai. Ta ce lalle farcen yake rinawa duka ya yi ja, ba zane. Ita kuma ta lura ba jan ne ya sa Mama dariya ba. Ɗigon ne. Kowane ɗigo ta ɗiga sai Mama ta matso da kai ta duba ko ya yi daidai da ɗan'uwansa.

"A manna salatif mana," in ji Angela. "Yadda ake wa amare a ƙafa. Inda aka manna ya fito fari, sauran ya yi ja."

"Ƙafa babba ne, Anti. Farce fa? Wa zai yanka salatif ƙarami haka? Ni in na yanka da reza karkace yake."

Yamusa ya juya ya shige gida. Matan suka ɗauka fushi ya yi. Can sai ga shi da tsohuwar jakar aikinsa, wadda ya rataye tun da idonsa ya fara rauni. Ya fito da wuƙar yankan fata da dutsen washi.

"Ina salatif ɗin?"

Ya manna shi a kan fasasshen gilashi, ya sa tabarau, ya wasa wuƙar. Ya ja ta sau ɗaya, ya ɗago zare baƙi siriri a bakin wuƙa.

"Ya yi, ko a rage?"

Rita ta karɓa a kan yatsa tana jujjuyawa. "Baba, ya yi."

Da hantsi washegari suka shiga ɗakin Hansatu. Rita ta kwaɓa lalle da ruwan lemun tsami tun da safe, ta tace shi ya yi laushi. Hansatu tana kwance, fuska ga bango.

"Mama, na kawo lalle. Wannan ba ya hana salla. Baba ne ya ce."

Hansatu ba ta motsa ba.

"Lalle ne," in ji Yamusa. "Tashi."

Ta daɗe kafin ta juyo. Ta dubi kwanon, ta dubi gilashin da ke hannun mijinta. Rita ta buɗe wayarta tana nuna mata hotuna, ga fure, ga ganye, ga malam-buɗe-littafi. Hansatu ta ture wayar da hannun hagu.

"Ba fure ba."

Ta nuna lungun ɗaki. Akwai wata randa a can, cikin na ƙarshe da ta gina kafin ta faɗi. A wuyan randar akwai zanen da kowa ya san ta da shi: layi biyu a kwance, a tsakaninsu wani layi yana hawa yana sauka. Da tsinken kara take yin shi tun yumɓu yana ɗanye. Ita tana kiransa hanyar tururuwa.

"Wancan."

Yamusa ya sha ɗaukar tukwane masu wannan zane zuwa bakin hanya, bai taɓa ƙirga hawa da saukarsa ba. Yanzu ya tsuguna gaban randar ya dube shi da kyau. Ya koma kan gilashi ya yanka. Ya nuna mata.

"Ya yi faɗi," in ji ta.

Ya sake.

"Ya karkace."

"Bai karkace ba."

"Malam, ya karkace."

Ya duba. Ya karkace ɗin. Rita ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Rabon da Hansatu ta yi masa gardama tun kafin ciwon, kuma bai san ya yi kewar abin ba sai yanzu.

Hannun hagu bai ba da wahala ba. Rita ta goge faratan da lemun tsami, ta ɗauki zaren salatif da ɗan hantsaki ta manna, ta danne da tsinke, ta ɗora lalle a kai kaɗan-kaɗan. Na dama ne aikin. Yatsun a naɗe suke, faratan sun nutse cikin tafin hannu. Rita ta jiƙa tsumma a ruwan ɗumi ta naɗe hannun, ta murza da man kaɗe, tana buɗe yatsa ɗaya bayan ɗaya. Hansatu ta cije leɓe, gumi ya karyo mata, amma ba ta janye ba.

"Mama, lalle ba kamar jan farce ba ne," in ji Rita. "Ba ya bushewa da wuri. Sai hannun ya zauna a buɗe har azahar. In ya rufe, ya ɓaci."

Ta sa auduga a tsakanin yatsun ta koma wajen masu jiranta. Ba a jima ba yatsun suka fara komawa gidansu. Hansatu tana kallo, ba ta da ikon hanawa. Lallen ya damalmale a tafin hannu, salatif ya zame. Da aka wanke, hagu ya fito da hanyar tururuwa raɗau, fari cikin ja. Dama kuwa ya fito kamar wadda ta damƙi jan barkono.

Yamusa ya jira ta ja mayafi. Ba ta ja ba. Ta ɗora hannun biyu kusa da juna tana dubawa, ranta a ɓace.

"Gobe," in ji ta.

Da yake lallen bai daɗe a faratan dama ba, bai kama sosai ba, akwai damar sakewa. Washegari da Rita ta gama ɗorawa sai ta dubi Yamusa.

"Baba, sai ka riƙe."

"Ni?"

"Ni ina da kwastoma."

Haka dattijo ya zauna a bakin ƙofar ɗaki, don a ciki ba haske, tafin hannun matarsa a kan nasa, yana tallafe yatsunta. Ya ji yadda suke ja da ƙarfi suna son rufewa. Ya kuma ji, can ƙasa-ƙasa, wani ɗan motsi yana ja ta ɗaya gefen. Ita ce ke yi. Jijiyar wuyanta ta tashi.

Angela ta leƙo daga baranda. "Iye! Ango da amarya! Baba, yaushe ne biki, mu ɗinka anko?"

"Je ki, kifinki na ruɓewa," in ji shi, bai ɗago ba.

Kunya ta kama shi har ƙeya, amma bai saki ba. Ranar yatsa biyu suka fito da zane, sauran suka ɓaci. Hansatu ta ce a bar biyun a sake sauran. Ta ci tuwo da hagu, ta ce miyar ba gishiri.

Abin ya zama aikin kowace safiya. Ko ranar da ba a sa lalle ba, sai Hansatu ta aika a kira Rita ta zo da ruwan ɗumi da man kaɗe, wai don hannun ya saba kafin ranar ƙunshi. Abin da likita ya roƙe ta ta ƙi, ga shi tana yi da kanta saboda layin salatif. Labari ya kai wajen magina. Rekiya, wadda suka taso suna haƙar yumɓu tare, ta zo ta tsaya a tsakar gida tana ɗaga murya.

"An ce an mayar da tukunya kan farce. In barci take a tashe ta."

Wannan karon ba a ce barci take ba. Rekiya ta kama hannun ta juya shi a rana, ta ce layin ƙasan ya fi na randa kauri. Hansatu ta ce laifin mai yanka ne. Suka haɗu a kan Yamusa, ya ɗauki butarsa ya bar musu gidan.

Hannun bai warke ba. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun ƙi miƙewa sosai, kuma da wuya su miƙe. Amma babban yatsa da manuniya sun fara haɗuwa. Wata safiya Yamusa ya gan ta ta tsinci ƙwayar gyaɗa daga faranti da su. Ƙwayar ta faɗi. Ta sake tsinta. Ya yi kamar bai gani ba, ya shiga zaure ya zauna, ya daɗe yana cewa alhamdulillahi a ransa.

Godiya ga Allah mai sauƙi ce a bakinsa. Ta mutum ce ke maƙale masa. Ya kwana biyu yana neman yadda zai yi. A ƙarshe ya ciro wata jar fatar akuya da ya daɗe yana ajiya, ya ɗinka jaka mai aljifai, kowace kwalba da ɗakinta, burushi da nasa wajen. Ya kai barandar ya ajiye a kan tebur.

"Kwalabenki suna yawo a leda. Ba tsari."

Rita ta buɗe jakar ta rufe, ta sake buɗewa. "Baba, ni ne da wannan?"

"Akwai wata mai kwalabe a gidan nan?" Ya juya zai tafi, ya tsaya. "Ranar nan na ɗaga miki murya."

"Baba, ni ne ban sani ba."

"Ba ki sani ba. Amma kin shiga ɗakin da kowa ya guje wa. Allah ya yi miki albarka, ke da mijinki."

Bai jira amsa ba.

Wata ya ƙare. Manniru ya zo ranar Lahadi da matarsa Kauthar, da mota, da babbar jaka ta zuba kaya. Suka tarar da Hansatu a tsakar gida a kan kujera 'yar tsuguno. Farata sun ɗan fito, an ɗora sabon lalle a gindinsu inda ya yi fari. Hannun dama yana kan gwiwarta a buɗe, ba mai riƙe shi. Yana rawa kaɗan, amma a buɗe yake.

Kauthar ta durƙusa ta gaishe ta, ta tsaya kallon na hagu da aka riga aka wanke. "Mama, wa ya yi miki wannan? Ko a Wuse ban ga irinsa ba."

"Rita. Da Malam."

Manniru ya dubi ubansa. Uban ya dubi katanga.

Yaron ya ga canjin, ya kuma yi murna. Amma ya riga ya gyara ɗaki, ya sayi gado mai ɗagawa, ya yi magana da wata nas da za ta riƙa zuwa. Ya ce tun da sauƙi ya fara samuwa, yanzu ne ma ya kamata a kai ta kusa da babban asibiti a ƙarasa. Ya ce Baba ya tsufa, ba zai iya da ɗawainiyar nan shi kaɗai ba. Duk abin da ya faɗa da gaskiyarsa.

Yamusa ya dubi babbar jakar. Kalma ɗaya zai faɗa yaron ya fasa, amma bai taɓa roƙon ɗansa komai ba, kuma in ya hana a ce ya hana mara lafiya magani. Ya ci gaba da jan carbinsa.

Manniru ya tsuguna gaban uwarsa. "Mama, Kauthar za ta haɗa miki kaya. Tashi mu je kafin hanya ta cushe."

Ya kai hannu zai kama ta. Ta janye hannun lallen gefe don kada ya shafa. Ta dube shi, ta tattara harshenta, ta fito da maganar ɗaya bayan ɗaya yadda kowa a gidan ya ji.

"Ba inda za ni."